Iliya Mecnikof, mutumin da ƙayar fure ta nuna wa masu gadin jikinmu

Mai karatu, ka taɓa taka ƙaya, ko sartse ya shige maka yatsa, ka yi ta fama da allura ya ƙi fita? Bayan kwana biyu wurin ya kumbura, ya yi ja, ya ɗau zafi, sai ga mugunya ta taru. In a ƙafa ne ma wataƙila har kaluluwa ta fito maka a matsematsi, kana ɗingishi ana yi maka sannu. Yawancinmu muna ɗaukar wannan kumburi da mugunya a matsayin ciwon kansa. Haka manyan likitocin Turai ma suka ɗauka shekaru ɗari da arba'in da suka wuce, har sai da wani Barashe mai saurin fushi, wanda ko likita ba shi ba ne, ya ce musu sun karanta labarin a baibai. Yau tarihinsa na kawo maka. Sunansa Iliya Mecnikof, Faransawa kuma suna rubuta shi Élie Metchnikoff, ko da za ka so ka bincika.

An haife shi a watan Mayu na 1845 a wani ƙauye kusa da birnin Kharkiv, wanda a lokacin yake cikin daular Rasha, yanzu kuma yana ƙasar Yukren. Shi ne auta cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinsa hafsan soja ne, mahaifiyarsa Emiliya kuma 'yar wani marubuci Bayahude ce. Yaron ya so karatun likita, amma uwar ta hana, don a ganinta zuciyarsa ba za ta iya jure kallon wahalar marasa lafiya ba. Sai ya koma nazarin dabbobi. Digirin da ake yi a shekara huɗu a Jami'ar Kharkiv, shi a shekara biyu ya gama, yana ɗan shekara 19. Ni da nake lissafin sauran zango nawa ya rage min a makaranta, da na karanta wannan sai da na ajiye waya na yi shiru.

Daga nan ya bazama Jamus da Italiya yana bin ƙananan halittun ruwa, tsutsotsi da dangoginsu. A 1865, a garin Giessen, ya lura da wani abu a jikin wata shimfiɗaɗɗiyar tsutsa: wasu ƙwayoyin halittar jikinta, wato sel, suna haɗiye abinci su narkar da shi a cikinsu, kowace ita kaɗai, ba tare da jiran wani tumbi ba. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa. Yana da shekara 22 ya fara koyarwa a jami'ar Odesa, ɗalibansa da yawa sun girme shi.

Rayuwarsa ta gida kuwa akwai ban tausayi. Matarsa ta fari, Ludmila, tarin fuka ya riga ya ci ƙarfinta tun kafin biki, a kan kujera aka ɗauke ta zuwa wurin ɗaurin auren a 1869. Ya yi ta yawon nema mata iska mai kyau har tsibirin Madeira, a can ta rasu a 1873. Ga idanunsa suna ba shi matsala, ga babu kuɗi. Baƙin ciki ya sa ya nemi halaka kansa, bai mutu ba. Ya sake aure a 1875 da wata mai suna Olga, ita ma taifot ya kusa kashe ta a 1880, shi kuma ya sake faɗawa irin wancan hali, har ya sa wa kansa cutar wani zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Ya sha jinya sosai, ya tashi. Na kawo wannan ne don ka san cewa mutumin da ya zo yana gaya wa duniya jiki yana da masu kare shi, ya daɗe yana ganin jikin mutum a matsayin abin da aka bari ba mai tsaro.

A 1881 aka kashe Sarkin Rasha Alexander na Biyu, gwamnati ta matsa wa jami'o'i lamba, rigima ta yi yawa. Mecnikof ya ajiye aiki a 1882, ya kwashi iyali suka koma Messina a tsibirin Sisili na Italiya, ya kafa madubin hangen ƙananan halittu a falon gidan haya.

Abin da yake kallo a lokacin jariran tauraruwar teku ne, wata halittar ruwa mai hannuwa biyar. Jariranta ƙanana ne ƙwarai, jikinsu garai-garai kamar gilashi, kana iya ganin duk abin da ke motsi a ciki alhali suna raye. A cikin jikin akwai wasu sel masu yawo, ba su da mazauni ɗaya, kuma ya ga suna haɗiye ɗan garin rini da ya sa musu. Kamar yadda shi da kansa ya ba da labari daga baya, wata rana mutanen gidan sun tafi kallon wasan birai, ya rage shi kaɗai, sai tunani ya zo masa: in waɗannan sel suna cin abin da suka tarar, ashe za su iya cin abin da ya kutso jiki don ya yi ɓarna? Ya fita lambu ya tsinko ƙayoyin furen wardi, ya soka a jikin jariran, ya kwana bai runtsa ba. Da gari ya waye ya leƙa madubi, sai ya ga sel ɗin sun yi dafifi sun kewaye ƙayar, daidai yadda mugunya ke taruwa a yatsanka. A ajinmu an koya mana mu riƙa yi wa labarin da ya cika daɗi kallo na biyu, kuma wannan an ba da shi ne shekaru da yawa bayan faruwarsa. Amma gwajin kansa kowa zai iya maimaitawa, kuma an maimaita.

Halittar nan ba ta da jini, ba ta da jijiyoyin jini, amma ga ta tana yin abin da ya yi kama da kumburin ciwo. Likitocin zamanin da dama sun san ana samun ƙwayoyin cuta a cikin fararen sel na jini, sai dai suna ganin ƙwayoyin cutar ne suka samu motar hawa suna yaɗuwa. Mecnikof ya ce a'a, cinye su ake yi. Wani masanin dabbobi a birnin Vienna, Carl Claus, ya taimaka aka raɗa wa sel ɗin suna daga harshen Girka, fagosait, ma'ana sel mai ci. A 1884 ya ƙara hujja da wani ɗan ƙwaron ruwa mai suna dafniya, shi ma ana ganin cikinsa: idan tsinin wata ƙwayar cuta dangin yis ya huda hanjinsa, sel masu ci sukan taru su cinye ta, ƙwaron ya rayu. In ƙwayoyin sun fi ƙarfinsu, ya mutu. Shi ne kuma ya raba masu cin gida biyu, manya ya kira su makrofaj, ƙananan kuma su ne waɗanda ake kira niyutrofil a yau, gawarwakinsu ne mafi yawan abin da ke cikin mugunya.

Ya ɗan riƙe wata cibiyar rigakafin cizon mahaukacin kare a Odesa daga 1886, amma likitocin gari ba su ga dalilin da zai sa mai nazarin tsutsa ya shugabance su ba. Ya je Berlin wurin Robert Koch, aka karɓe shi a sanyaye. Louis Pasteur ne ya ba shi ɗakin bincike a sabuwar cibiyarsa da ke Paris a 1888, a nan ya zauna har ƙarshen ransa.

To, a nan rigimar take. Masanan Jamus suna da nasu bayanin, kuma ba shirme ba ne. In ka bar jini ya daskare, akwai wani ruwa fatsi-fatsi da ke tsatsowa a sama, babu sel ko ɗaya a cikinsa. A 1888 George Nuttall ya nuna wannan ruwa shi kaɗai yana kashe wasu ƙwayoyin cuta. A 1890 Emil von Behring da Bajapane Shibasaburo Kitasato suka nuna cewa ruwan jinin dabbar da ta saba da dafin tetanus ko na mashaƙo yana kare wata dabbar in an ɗura mata. Wannan magani ne da ake gani da ido, yara masu mashaƙo suna tashi, kuma har yau da irinsa ake jinyar mashaƙo, ciki har da ɓarkewar da aka yi a Kano a 2023. Abin da ke cikin ruwan shi ne ake kira antibodi. Sai kuma 1894 Richard Pfeiffer ya nuna ƙwayoyin kwalara suna narkewa a cikin dabbar da aka yi wa rigakafi ba tare da wani sel ya haɗiye su ba. Ka ƙara da cewa Faransa da Jamus sun gwabza yaƙi a 1870 zuwa 1871, ciwon bai warke ba, sai gardamar kimiyya ta koma kamar wasan hamayya na ƙwallo. Lambar Nobel ta farko a fannin likitanci, a 1901, Behring aka ba.

Mecnikof bai iya ɗaukar suka da sauƙi ba. Duk takardar da aka buga a kansa sai ya hana kansa barci ya shirya gwajin mayar da martani. Ya shafe kusan shekara ashirin a haka. Kuma a ganina nan ne ya yi kuskurensa babba: maimakon ya tambayi yadda ruwan jini da sel suke aiki tare, ya fi damuwa da nuna cewa komai daga sel ɗinsa ya samo asali. Abin dariya, a cikin ɗakin bincikensa ne wani matashi ɗan Beljiyam, Jules Bordet, ya gano a 1895 cewa kashe ƙwayar cuta da ruwan jini ke yi aikin abu biyu ne, antibodi da wani sinadari da zafi ke lalatawa, wanda yanzu ake kira kwamfliment. Wato yaron gida ya ƙarfafa hujjar abokan hamayya. A shekarar dai wasu 'yan Beljiyam biyu, Denys da Leclef, suka ga fararen sel sun fi cin ƙwayoyin cuta in an zuba ruwan jinin dabbar da aka yi wa rigakafi. Mecnikof ya fassara shi da cewa ruwan yana zaburar da sel ne, kamar a ba ɗan dambe kirari.

Ba haka ba ne. A 1903 Almroth Wright da Stewart Douglas a Landan suka nuna cewa ƙwayar cutar ruwan ke shafa, ya lulluɓe ta, sannan sel ya ji daɗin cinta. Wright ya kira abin ofsonin, daga kalmar Girka ta mahaɗin abinci. In ka so ka ce ƙwayar cuta gayan tuwo ce, antibodi ne miyar.

Bari in tsallaka da kai gaba kaɗan, bayan mutuwar dukkansu, don ka ga yadda abin yake a jikinka, sannan mu dawo mu ƙarasa da tsohon.

Antibodi siffar gwafa gare shi. Rassan biyu na sama su ne ke kama abin da aka ƙera su dominsa, wani ɗan yanki a jikin ƙwayar cuta ko dafinta, wanda ake kira antijen. Ƙotar gwafar kuma tana nan a waje, ana kiranta Fc. Rodney Porter ne ya raba waɗannan sassa a 1959, ya kuma samu Nobel tare da Gerald Edelman a 1972. A fatar makrofaj da 'yan'uwansa akwai wasu maƙalai da aikinsu kama wannan ƙota. Antibodi guda da ke yawo shi kaɗai a jini ba ya tayar da yawancinsu, ba don haka ba da kullum jikinka cikin tarzoma yake. Amma idan antibodi da yawa suka yi wa ƙwayar cuta rubdugu, ƙotocinsu suka jeru kusa da juna, sai maƙalan su ma su taru wuri guda, saƙo ya shiga cikin sel, fatarsa ta fara miƙewa tana bin ƙota bayan ƙota kamar ana jan zif, har ta rufe ƙwayar cikin wata 'yar jaka.

Jakar nan sai ta haɗe da wata mai ɗauke da ruwa mai tsami da sinadaran yanka. A daddatsa furotin ɗin ƙwayar cutar gutsi-gutsi. Iyakar abin da Mecnikof ya sani ke nan: an ci, an narkar, shi ke nan. Ashe da sauran aiki. Sel ɗin yana da wani ɗan faranti mai suna MHC, sai ya ɗora gutsuren a kai, ya fito da shi saman fatarsa, kamar mai talla. Gwanin wannan aiki wani sel ne mai rassa kamar bishiya, dendiritik, wanda Ralph Steinman da Zanvil Cohn suka bayyana a 1973. Shi in ya ci, ba ya zama a wurin ciwon. Tattara kayansa yake ya bi hanyoyin ruwan jiki har zuwa kaluluwa mafi kusa, inda sel ɗin da ake kira T suke shige da fice. Kowane T da irin gutsuren da ya sani, kuma ba ya ganin antijen sai a kan faranti. Dubbai za su duba su wuce. Ranar da wanda ya dace ya zo, sai ya tsaya, ya fara hayayyafa, 'ya'yansa su je su taimaki sel ɗin B, masu ƙera antibodi, su ƙera wanda ya fi na farko kamu. Wannan cunkoso ne ke kumbura maka matsematsi. Ni abin yana tuna min da ɗan rahoto: zuwa wurin da abu ya faru bai wadatar ba, sai ka dawo ɗakin labarai da shaida a hannu.

Ka ga zagayen? Antibodi ya sa alama, sel ya ci, sel ya nuna, nunin ya haifi sabon antibodi. Kuma antijen ɗin da ke lulluɓe da antibodi, ko ɗan kaɗan ne, ya fi saurin isa faranti nesa ba kusa ba a kan wanda ke yawo tsirara. Dendiritik yana ma iya karkatar da abin da ya ci ta wannan hanya zuwa wani faranti na daban, wanda ke kiran T masu kisa, masu farautar sel ɗin da bairos ya shiga. Akwai kuma wani maƙalin ƙota da aikinsa taka birki ne, don kada abin ya wuce gona da iri. Wani abin da ya ba ni mamaki: cikin hujjojin farko da suka nuna sai an narkar kafin a nuna, akwai gwajin da Emil Unanue da abokin aikinsa Ziegler suka yi a farkon shekarun 1980 da kulorakwin, e, wannan dai na zazzaɓin cizon sauro da iyayenmu suka sha ɗacinsa. A kwanon gwaji yana rage tsamin jakar, sai makrofaj ya ci amma ya kasa fito da komai kan faranti.

Kada ka ce wannan zancen Turawa ne. Ƙwayar nimoniya da ta sanƙarau suna sanye da wata riga ta sukari mai santsi, sel mai ci yana kamawa tana zillewa, sai antibodi ya ba shi mariƙi. Babban wurin tace irin waɗannan daga jini shi ne saifa, kuma saifar yaro mai sikila takan lalace tun yana ƙarami, shi ya sa likitoci suke nacewa a kan rigakafinsu da kuma gaggawar kai su asibiti in zazzaɓi ya zo. Rigar sukarin nan kuma ba ta hawa faranti, don furotin ake ɗorawa. Dabarar rigakafin sanƙarau na MenAfriVac, wanda aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, Najeriya kuma a 2011, ita ce a ɗaure sukarin da furotin ɗin tetanus da aka kashe wa dafi. Sel ɗin B ya kama sukarin da antibodin da ke fatarsa, ya haɗiye duka biyun, ya nuna gutsuren furotin, T ya zo ya taimaka, jiki ya daɗe bai manta ba. Sai dai hanyar tana da ƙofar baya. A zazzaɓin dengi, antibodin da aka samu daga nau'i ɗaya yakan kama wani nau'in ba tare da ya kashe shi ba, ya raka shi har cikin sel ta wannan ƙota, ciwon karo na biyu ya fi na farko tsanani. Tsoffin likitocin da suka ce ƙwayar cuta mota take hawa, a nan kam sun ɗan yi gaskiya.

Mu koma Paris. A 1908 kwamitin Nobel ya raba lambar tsakanin Mecnikof da Paul Ehrlich, babban mai bayanin antibodi na Jamus. Mutane suka ɗauke shi a matsayin sulhu, amma a aikace ɓangaren ruwan jini ne ya mamaye fagen kusan shekara hamsin, don antibodi ana iya auna shi a kwalba, sel kuwa wuyar sha'ani gare shi.

Shi kuma a lokacin hankalinsa ya riga ya koma kan tsufa. Shi ya ƙirƙiro kalmar da ake kiran ilimin tsufa da ita a harsunan Turai, a 1903. Ya yi imani cewa ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci a babban hanji suna sa wa jiki guba a hankali, kuma nono mai tsami irin na manoman Bulgeriya zai hana su sakat. Kullum sai ya sha kindirmonsa, jaridu suka ɗauka suka ƙara gishiri, 'yan kasuwa suka samu abin sayarwa. Bai tabbatar da cewa nono yana ƙara tsawon rai ba, ko da yake binciken ƙwayoyin hanji da ake ta yi yanzu ya sa ana sake ambaton sunansa. Mutum ne da ya taɓa shan ruwa mai ƙwayoyin kwalara da gangan don gwaji, shi bai kamu ba, amma wani da ya biyo sahunsa ya kusa rasa ransa. Yau da wani ya yi haka, kotu zai tsinci kansa. Tare da Émile Roux kuma ya nuna a 1903 cewa ana iya sa wa biri cutar tunjere, abin da ya buɗe ƙofar nazarinta.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, matasan ɗakin bincikensa suka tafi fagen daga, aikin ya tsaya. Mutumin da ya yi imani kimiyya za ta gyara ɗan Adam ya zauna yana kallon Faransa da Jamus suna kashe 'ya'yan juna, zuciyarsa kuma ta riga ta fara ba shi matsala. An mayar da shi ɗakunan da Pasteur ya zauna a cikin cibiyar, Olga na jinyarsa. Kafin ya cika ya roƙi wani abokin aikinsa da ya buɗe gawarsa ya duba hanjin da kyau. Ya rasu ranar 15 ga Yuli, 1916, yana da shekara 71. An ƙona gawar kamar yadda ya yi wasiyya, tokar kuma tana cikin wani tulu a ɗakin karatu na Cibiyar Pasteur.